Ƙwayar Sahur ta Baba Mamuda

"Ku zuba masa ruwa a wuya da hammata! Ku kawo mafici!" Ni kaɗai nake ihu. Matan gida suna tsaye suna ta "sannu, sannu", kamar sannu tana sanyaya jiki.

A kan zem, babur ɗin haya, aka kawo Baba Mamuda daga kasuwar Arzèkè, wani mahauci yana riƙe da shi ta baya. Maƙwabcinmu ne a Titirou, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin yana gasa balangu. Ranar sha bakwai ga azumi ce, tsakiyar bazara, kuma tun azahar yake tsaye a kan garwashi don nama ya nuna kafin buɗa-baki. Na taɓa goshinsa, kamar murfin tukunya. Babu gumi ko ɗigo.

Matarsa, Inna Maimouna, ta kama hannuna. "Ça va aller, Lubabatu. Rana ce kawai. Bari a sha ruwa tukuna."

Wannan ça va aller ɗin, wato "zai wuce", ya kashe mutanen unguwarmu fiye da zazzaɓi. Na fita titi na tsayar da mota.

A asibiti likita ya tambayi abin da yake sha. Inna ta zaro katin ƙwaya daga aljihun rigarsa, maganin ciwon gwiwa da kumburi, irin wanda ake tallarsa a faranti.

"Da can ɗaya yake sha. Tun da aka ce masa yana maganin zafin rana, sai ya koma biyu da sahur, biyu da buɗa-baki."

"Wa ya ce masa?"

Inna ta sunkuyar da kai. Ni kuma na kau da fuskata daga katin.

Mako uku kafin nan, ina dawowa daga jami'a, ya tare ni a ƙofar gida.

"Dokta! Yau me aka dafa a labo?"

Babu wanda ya taɓa tambayata karatuna na ɗakin gwaje-gwaje sai shi. Na zauna a bencinsa na zuba. Na ce idan zafi ya taɓa ƙwayoyin halittar jiki, sukan tashi wasu 'yan gadi da ke hana cikinsu daskarewa kamar ƙwai a kasko. Na ce a ɗan farantin gilashinmu, idan aka ɗiga maganin kumburi, 'yan gadin sukan farka da wuri.

Ya buga cinya. "Ashe maganin rana nake sha ban sani ba!"

Na yi dariya. Na san faranti daban, mutum daban. Na san abin da maganin nan yake yi wa ƙodar wanda ya wuni ba ruwa a bakin wuta. Amma ya kira ni Dokta, daɗi ya cika ni, na shige gida.

Likita ya ce ƙodarsa ta tsaya. Bayan kwana biyu 'yan'uwansa suka ce za su mayar da shi gidansu na gado a Djougou. Na tsaya a ƙofa ina gardama. Ƙanensa Zakari ya ce, "'Yata, matsa. Boko ba ya ƙara kwana."

Ranar Juma'a da hantsi ya cika.

Na je Djougou zaman makoki. Zafi ya cika ɗakin, mata suna fifita da gefen mayafi. Wata tsohuwa ta matso kusa da Inna.

"Maimouna, ko akwai sauran ƙwayar zafin nan? An ce 'yar jami'a ce ta gano ta."

Na miƙe. "Ni ce. Ba maganin zafi ba ne. Ni na bar shi ya tafi da wannan magana, ita ta kai shi ƙasa. Kada wadda ta ƙara sha a kan azumi!"

"Yi istigfari, yarinya," in ji tsohuwar. "Kwana ne ya ƙare."

Duk suka gyaɗa kai, fifita ta ci gaba. Inna kaɗai ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta kwance bakin zanenta, ta ɗora mini katin a tafin hannu, ta naɗe yatsuna a kansa.

Rami takwas, saura ƙwaya biyu. Yana aljihun farar rigata ta labo. Duk sanda na sunkuya kan farantin gilashi, sai in ji ya yi ƙaras.