Ƙashin Cikin Dankali

Tun da aka kawo Nuala gidan mijinta Malachy a yammacin ƙasar Ayalan, abu ɗaya ya hana ta sakat: me ya sa surukarta Gobnait ba ta barin dankali ya nuna? Kullum sai ta sauke tukunya tsakiyarsa na nan gagau, ta juye a kwando, a zagaye shi a ci da gishiri da nono. Ƙashi suke ce wa wannan tsakiyar. Tsohuwa ko haƙori babu, amma ita ce mai dafa abin karya haƙori! A gidan su Nuala kuwa, gidan mai niƙa, dankali sai ya fashe ake saukewa.

Ta tambayi Malachy, ya ce haka ya taso ya gani. Wannan ai ba amsa ba ce.

Ran da Gobnait ta tafi rijiya, Nuala ta ƙara wuta, dankali ya yi luguf. Aka ci har da lashe yatsa. Amma rana ba ta karkata ba sai ga Malachy ya baro fadama, inda yake yankan baƙar ƙasar da suke hura wuta da ita, wai yunwa. Ya cinye rabin na dare.

Gobnait ta ja hannun Nuala zuwa ramin ajiyar dankali, ta yaye ciyawar da ke rufe da shi. Saura kaɗan, har ana hango ƙasan ramin, sabon dankali kuwa ko fure bai yi ba a gona.

"'Yar nan, mai laushi gaisawa yake da ciki ya wuce. Mai ƙashi shi ke zama ya taya ka aiki har yamma."

Kunya ta kama Nuala, tsoro ya biyo baya.

"To ke, Inna, da me kike tauna shi?"

"Wa ya ce miki ina taunawa?"

Sai yanzu Nuala ta tuna yadda tsohuwa ke tsotse gefe-gefe, ta tura tsakiyar gaban ɗanta kamar ta ƙoshi. Ashe rabin dankali take ci tun da bazara ta shigo.

Washegari Nuala ta sauke tukunya da wuri, yadda aka saba. Ta dai zari guda biyu ta binne a toka har suka yi laushi, ta ajiye a cinyar Gobnait.

Tsohuwa ta ce ɓarna ce. Ta cinye har da ɓawon.