Kofin Firmin da Igiyar Sansani

Ni ba mai gaggawa ba ne. Shanun da nake tatsa ma sun san haka, in na shigo garke ko kai ba sa ɗagawa. Amma ranar Lahadin nan, tun kafin a busa ƙahon safe na kasa zama wuri ɗaya. Na ɗaura takalmi, na kwance, na sake ɗaurawa. Na je bakin rafi na dawo, ban tuna abin da ya kai ni ba.

Ƙungiyarmu ta masu kwaikwayon sojojin yaƙin sha huɗu ce, wato yaƙin duniya na farko. A nan wajenmu, gefen garin Verdun inda aka gwabza yaƙin, ba mai tambayarka dalili, tunda har yau garma tana tono maɓallai da kwanson harsashi. Mukan kafa tanti a ƙarshen mako, mu sa shuɗin kaki, mu kewaye kanmu da igiya. Cikin igiya shekarar sha shida ce, wato 1916, wajenta kuwa yau. Shekara guda ke nan ina kurtu a cikinsu. Ni ne ɗebo ruwa, ni ne faskare, ni ne wankin tukunya. A ranar ne za a duba kayana. In sun wuce, da yamma a ɗinka mini lamba a wuyan riga, in zama cikakken ɗan ƙungiya. In ba su wuce ba, sai baɗi.

"Kurtu Gatien, shimfiɗa mu gani," in ji Saje Thiébaut.

A ranakun aiki mai gyaran tabarau ne a gari, mutum mai sanyin murya. Amma da zarar ya sa kaki ya murza gashin baki, ko zare ɗaya ba ya wuce shi. Na shimfiɗa bargo a kan ciyawa mai raɓa, na jera ƙananan kayana: kwanon abinci mai murfi, cokali, gorar ruwa, guntun kyandir, aska, allura da zare a cikin tsumma, da lofe, ko da yake ba na shan taba.

Ya ciro ɗan maganaɗisu daga aljihu ya taɓa cokalin. Ya kama.

"Ƙarfe ne. To."

Ya tsinki bakin zaren, ya ƙona shi da ashana, ya shinshina.

"Ba roba a ciki. Wa ya koya maka?"

"Kai ne, Saje. Bara ka ƙona mini maɓalli."

Norbert mai dafa mana abinci, tsohon direban bas ne mai tumbi, ya yi dariya daga bakin murhu. "Ai har yau yaron nan in ya ga ashana sai ya dafe rigarsa!"

Sai aka zo kan kofin. Na ajiye shi a ƙarshe da gangan, don shi ne abin alfaharina. Saje ya durƙusa ya daɗe yana kallonsa. Kafin ya ɗauka, sai da ya goge hannunsa a wando.

"Ina ka samo wannan?"

"Na baban kakata ne, Saje. Firmin sunansa. Da shi ya tafi yaƙin, da shi ya dawo."

Ya juya shi a hankali. Tsatsa ta cinye bayansa ya yi ja, cikinsa baƙi ƙirin, mariƙin ya ɗan karkace. Norbert ma ya bar ludayi ya matso.

"Ba zai shiga ba," in ji Saje.

Na zaci ban ji daidai ba. "Saje, na gaske ne fa."

"Na gani. Amma gaya mini, wace shekara muke a nan?"

"Sha shida."

"To, a sha shida kofin nan sabo ne, ko shekara biyu bai yi ba. Fari ne tas, yana ƙyalli, cikinsa kawai gahawa ta rina. Wannan na hannuna ya haura shekara ɗari. In yaro ya zo kallo ya ga tsatsa a hannunka, zai koma gida yana zaton da tsatsa aka raba musu. Firmin bai taɓa riƙe tsohon kofi ba, Gatien."

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma na san gaskiya in na ji ta. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, babu inda zan kama shi.

"Ga yashi a rafi, ga toka a murhu," ya ce. "In ka goge shi ya fito, na yarda. In ba ka so, nemi sabo, wannan ka kai shi mota kafin a buɗe wa 'yan kallo."

"Ina da guda a akwati, ƙirar bana, na ba ka kyauta," in ji Norbert. "Daina tsuke fuska kamar an ƙwace maka nono."

Da a ce maganar lamba ce kaɗai, da shi ke nan. Amma akwai Kaka Odile. Kofin nan a kan kantar murhunta yake zaune kusa da agogo tun kafin a haifi mahaifiyata, kuma ba a wanke shi. Wata shekara mahaifiyata ta kai shi bakin famfo, Kaka ba ta ƙara yi mata magana ba har bikin Ista. Ranar da na je mata da kakina a cikin jaka, ita da kanta ta sauko da shi ta sa mini a hannu.

"An haife ni bayan babana ya tuɓe shuɗin kaya," ta ce. "Ban taɓa ganin kofin nan a hannun soja ba. Zan zo ran Lahadi in ga ka sha a ciki, kafin idon nan ya ƙarasa rufewa."

Ta haura tamanin da nisa, kuma ba ta fita ko'ina sai coci.

Na ɗauki kofin na gangara rafi. Na tsuguna, na ɗebi jiƙaƙƙen yashi, na tsaya da shi a hannu. Na miƙe, na zagaya wata bishiya, na dawo na sake tsugunawa. In na goge, ai kofin Firmin ne dai, kuma zai shiga igiya, kuma Kaka za ta gani. Haka nake ta gaya wa kaina. Sai idona ya kai kan wani ɗan wuri a gefensa, can ƙasa, daidai faɗin babban yatsa. Nan ne kaɗai tsatsar ba ta yi kauri ba, ya yi sumul kamar an daɗe ana shafa shi. Na san wurin tun ina yaro, ban taɓa tambayar dalilinsa ba. In na goge duka, zai ɓace cikin sauran.

Na watsar da yashin. Na naɗe kofin a tawul, na kai shi motar gona da na zo da ita, na kulle. Na yi nisa na koma na duba ko na kulle.

Saje ya taɓa kofin Norbert da maganaɗisu, ya gyaɗa kai. "Kayanka sun wuce. Saura abu ɗaya, ka san doka. Daga an buɗe wa 'yan kallo har ƙahon yamma, mai kaki ba ya tsallake igiya. Wanda ya fita, ya fita daga sha shida."

"Na sani, Saje."

Da ya ba da baya, Norbert ya jawo ni gefe. "Ba ka ce tsohuwar ba ta gani sosai ba? Kawo nan." Ya riƙe sabon kofin a kan hayaƙi har ya ɗan dushe. "Ka tsaya daga nesa ka ɗaga mata. Kowa ya ji daɗi, ba wanda ya mutu."

Na karɓi kofin na ajiye cikin kayana.

Bayan cin abincin rana mutane suka cika bakin igiya. Masu sayar da tsiran alade sun kafa rumfa a bakin hanya, yara suna ta nuna bindigogi. Ni aikina in zauna a kan akwati ina ɗinke safa, amma sau nawa ina soke yatsana. Duk motar da ta tsaya sai na miƙe. Wata yarinya ta tambaye ni ko sojoji suna da ƙwarƙwata, na ce mata eh, ina kallon bayan kanta.

"Kurtu, ko tururuwa ce a wandon?" in ji Norbert. "Zauna mana, kana sa ni jiri."

Can sai ga ta. Maƙwabcinta ya riƙo ta, ya buɗe mata kujerar naɗewa daf da igiya. Ta sa hular da take zuwa coci da ita. Tana ta juya kai, duk mu shuɗi ɗaya ne a idonta.

"Kaka, ga ni nan!"

"Gatien? Kai ne wannan dogon? Wa ya ba ka rigar da ta fi ka?"

"Haka ake raba su, Kaka."

"To ina abin? Ban zo kallon ƙafafunka ba."

Norbert ya tsiyaya mini gahawa a sabon kofin, ya ƙyafta mini ido. Na tsaya nesa kaɗan kamar yadda ya ce. Na ɗaga. Kaka ta haɗa hannuwanta a ƙirji, bakinta yana motsi. Ta yarda. Da na kurɓa a lokacin, da magana ta ƙare.

"Ka dai sa yatsa a kan hudar ko?" ta ce da ƙarfi. "Kada ka ɓata rigar mutane."

"Wace huda, Kaka?"

"Ji yaro! Ta gefe, can ƙasa. Ɓarɓashin bam ne ya huda shi. Babana kullum da babban yatsa a wurin yake sha, har ya tsufa. In ya manta sai ta zubo masa a gwiwa, mu yi ta dariya." Ta karkata kai. "Ka sa ko?"

Kalma ɗaya ce kawai, eh. Norbert yana ta gyaɗa mini kai daga bayan tukunya. Na dubi kofin da ke hannuna, lafiyayye, ko ɗigo babu.

"Kaka, jira ni. Yanzu zan dawo."

Na ajiye shi a kan akwati. Na ɗaga ƙafa na tsallake igiyar.

"Kai, kurtu!" in ji Norbert. "Ka haukace?"

Ban yi gudu ba, ban iya ba ma. Na ratsa mutane da kakina, suna ba ni hanya, wani yana ɗaukar hotona. Na buɗe mota na kwance tawul. Na ɗaga kofin sama, sai ga ɗan haske kamar bakin allura a tsakiyar wurin nan mai sumul.

Da na dawo na durƙusa a gaban kujerarta na sa mata shi a hannu. Yatsanta ya tafi wurin kai tsaye.

"Na ɗazu fa?" ta tambaya.

"Na aro ne, Kaka. Wannan ya tsufa, ba a barinsa ciki."

"Ashe ni da shi ɗaya ne. Shi ya sa aka ajiye ni a waje."

Na ɗaga kai. Saje Thiébaut ne ya taho, riƙe da butar gahawa ta Norbert. Ya tsaya daga ciki, cikinsa yana taɓa igiya.

"Ka san ka fita, Gatien."

"Na sani, Saje."

"Sai baɗi ke nan."

"To, Saje."

"Miƙo kofin. Iyakar igiya, kada ya wuce."

Na miƙa, ya karkata butar daga ɓangarensa, gahawa ta zubo ta saman igiyar.

"Wane ne wannan mai gashin baki kamar tsintsiya?" in ji Kaka.

"Sajenmu ne, Kaka."

"Barka da zuwa, Uwa," in ji shi, ya cire hula.

"Kai ne ka ce kofin babana ya tsufa? Kai ma kana hanya, ɗana."

"Gaskiya ne, Uwa."

Na danne hudar da babban yatsa. Wurin ya ɗauki yatsana daidai, zafin gahawar yana taɓa fatar. Na miƙe tsaye sosai don ta ga shuɗin, na matso har inda idonta zai kai, na sha. Ɗanɗanon tsatsa ne da tsohuwar ƙura, har da wani abu mai ƙaras-ƙaras da ban so in san ko mene ne ba. Na shanye duka.

Kaka ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Shi ya fi ka faɗin kafaɗa." Ta karɓi kofinta, ta kakkaɓe shi, ta sa a jaka ba tare da ta goge ba.

Da aka busa ƙahon yamma na koma ciki. Norbert ya miƙo mini bokitai biyu, yana girgiza kai.

"Wata shekarar ta wankin tukunya, saboda gahawa mai tsatsa. Allah ya shirye ka, kurtu."

Na karɓa na gangara rafi a hankali, irin tafiyata ta kullum. Akwai ɗan ɗigon gahawa a gwiwar wandona, ban san lokacin da yatsana ya goce ba.