Gurbin Motar Ciyaman

Ranar da aka malala kwalta a filin bayan gidajen haya, Mai Fenti ya dawo ya tarar da 'yarsa Guguwa zaune a bakin ƙofa, rungume da ƙwallonta da aka farke. Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da zuciyarsa ba ta ƙuna haka ba.

"Wa ya yi miki?"

"Ciyaman ne, Baba. Wai filin na motoci ne yanzu, mu je mu yi wasa a ɗakin uwarmu."

Bayan kwana uku, sai ga Ciyaman ɗin, shugaban kwamitin masu hayan, ya aiko kiran Mai Fenti.

"Layin ajiye mota nake so, gurbi ashirin. Nawa ya fi na kowa faɗi. Ka sa fentin da ba ya goguwa."

"An gama, ranka ya daɗe," in ji Mai Fenti, yana murmushin da bai kai ciki ba.

Asabar da safe Ciyaman ya tafi wankin mota. Mai Fenti ya kafa ƙusa a tsakiyar filin, ya ɗaura igiya, ya zagaya da buroshi. Da'ira ta fito fara tas, kamar wata ya sauko kan kwalta. Ya ja layin tsakiya, ya fitar da gidan gola nan da can, shafi uku-uku, yana cije leɓe. Guguwa na ganin haka ta bi gida-gida da gudu tana kiran yara.

Ko da Ciyaman ya dawo, yara sun cika fili da sabon ƙwallo, iyaye mata sun jera kujeru a mashiga. Autansa ma na tsaron gida tsakanin bokitin fenti biyu.

"Kai! Mene ne wannan? Ina gurbina?"

Mai Fenti ya nuna bayan katanga, gefen kwandon shara, inda ya zana gurbi ɗaya tsaf.

"Ga shi can, ranka ya daɗe. Ya fi na kowa faɗi."

"Yau za ka goge shi!"

"Ai kai ka zaɓi fentin. Sai dai a ɗaye kwaltar."

Daga cikin kujeru matar Ciyaman ta ɗaga murya: "Maigida, matsar da motar nan, ka tare mana kallo!"

Ya dubi matan, babu wadda ta motsa. Ya ja motar da baya a hankali zuwa gurbinsa, ƙudaje na yi masa maraba. A daidai lokacin Guguwa ta zura wa Auta ƙwallo ta tsakanin ƙafafu.