Baba Mai Aski a Kujerar Baya

Filo ɗaya, bargo, ledar magunguna, rediyon da ya daina kama tasha. Su muka ɗauko. Ina tuƙi, maƙwabcinmu Baba Mai Aski yana kujerar baya, za mu asibiti wankin ƙoda.

"Ka dawo gaba mana, Baba."

"A'a. Ni da ƙeya na saba. Mutum ba ya buɗe cikinsa in kana kallon idonsa. Zaunar da shi, ka tsaya a bayansa, sai ka ji abin da matarsa ma ba ta sani ba. Kai dai kalli titi, Likita."

Likita kowa ke ce mini tun da na dawo daga karatu a waje. Ban gama karatun ba. Ciwon damuwa ya kwantar da ni a can, aka sallame ni da ƙwayoyi. Mama ta ɗauka hutu nake yi. A ɗaki nake wuni, labule a sauke. Ita ta tilasta mini tuƙin nan.

Baba ne ya fara buɗe cikinsa. Ya ce da ɗansa na fari ya rasu, rufe shago ya yi, ya kwanta yana kallon rufi har gemu ya cinye masa fuska.

"Mai aski da gemun bunsuru! Wani direba ne ya nace sai na yi masa aski. Ina tsaye a bayansa na kama ba shi labarin yaron, ina kuka, saura kaɗan in cire masa kunne. Ranar na yi barci. To, saura kai."

Ban yi niyya ba. A wata danja bakina ya buɗe: sanyi, ɗaki mai taga ɗaya, safiyar da na kasa ɗaure igiyar takalmi na zauna a ƙasa har yamma. Bai ce in yi haƙuri ba. Cewa ya yi, "Sai kuma aka yi yaya?"

Haka muka riƙa yi duk zuwa asibiti. Na fara cin abinci. Barci ya dawo kaɗan-kaɗan.

A tafiyarmu ta ƙarshe muryarsa da kyar take fita.

"Na kusa rufe shago, Likita. Ka nemi wani kunnen."

"Naka ya ishe ni."

"Wannan da gashi ya toshe? Kada ka bari a binne ni da labarinka. Ya yi mini nauyi, ga nawa."

A asibitin ya rasu da hantsi, 'yarsa tana goge masa baki. Na taya ta kwashe kaya, na kai ta gida.

Na tarar da Mama a ɗakinta tana guga.

"Ka dawo? Allah ya jiƙan Baba. Abincinka na nan a rufe."

Na shiga, na tura ƙofa ta rufu.

"Mama, ajiye gugar nan. Ba hutu nake ba. Yau zan faɗa miki komai."