Zoben da Ɗahiru Ya Liƙe

Malam Ɗahiru mutum ne da ba ya iya ganin abu yana motsi ya ƙyale shi. Ƙafar kujera, marfin tukunya, hannun ƙofa, duk sai ya ɗaure. A ɗakin awon jinin dabbobi da yake aiki a Gusau, har tsokanarsa ake yi cewa da zai samu dama da ya ɗaure wutsiyar saniya.

A shekarar 1998 aka kawo musu sabon madubin duba ƙwayoyin cuta, irin wanda yake leƙen abu ta ƙasa, ta gindin ɗan faranti na gilashi. A jikin idon madubin akwai wani zobe mai lambobi da ke juyawa. Ɗahiru ya taɓa shi, ya ji yana yawo, ya ce Turawa ma ashe suna sakaci. Ya tsayar da shi, ya ɗiga masa gam mai ƙarfi, ya koma aikinsa da farin ciki.

Da damina ta yi nisa, Tambaya, wani dattijon makiyayi daga wajen Bilbis, ya zo da kukan shanunsa na ramewa suna faɗuwa. Aka ɗebo jini. Ɗahiru ya zuba a faranti mai kaurin gindi, ya leƙa, ya ga ja-ja dishi-dishi kamar an duba ta cikin koko. Bai ga komai yana motsi ba.

"Baba, jinin ga lafiya lau. Babu sammore," in ji shi.

Tambaya ya saɓa sandarsa ya tafi.

Bayan kwanaki, Dokta Huseina, likitar dabbobi da ta dawo daga kwas, ta zauna a gaban madubin da sabon jini daga garken nan, domin mutuwar ba ta tsaya ba. Ta kai hannu za ta murza zoben, ya ƙi.

"Wa ya taɓa wanga?"

"Ni na gyara shi, Dokta. Kwance ya zo."

Ta ɗago kai a hankali. "Malam Ɗahiru, ba kwance ya zo ba. Da shi aka daidaita ido da kaurin gilashi. Ka tsai da shi kan na siriri, kana duba ta mai kauri. Mi za ka gani?"

Ta kankare gam ɗin da reza, ta murza, ta matsa masa. Ya sa ido. Hazon ya washe, ga ƙwayoyin cutar sammore nan fal tsakanin ƙwayoyin jini, 'yan sirara, suna wutsil-wutsil. Ya kasa ɗaga kai daga madubin.

Ko la'asar bai jira ba, ya ɗauki maganin allura ya hau babur sai Bilbis. Duk hanya yana lissafin shanun da za a iya ceta, yana gode wa Allah da abin bai wuce dabba ba.

Ya tarar da Tambaya zaune a bakin ruga. Gefe guda an cire bukkoki, sai da'irar ƙasa da toka.

"Baba, sammore ne. Ni na yi kuskure. Ga magani."

Tsohon bai dubi maganin ba.

"Yaro, da ka ce jinin lafiya lau, na san hannun mutum ne. Na tara jama'a, na ce ƙanena Tukur ya yi wa shanuna asiri. Ya rantse, ban yarda ba. Shekaranjiya ya kwashe iyalinshi, bai faɗa wa kowa inda za shi ba."