Agogon Tsohuwar Tasha

Ku yi haƙuri da ni, ban taɓa rubuta labari ba sai yau. In kun ga kuskure, ku rufa mini asiri.

"Riƙe kwalin nan da kyau mana, Malama," in ji Baba Direba, yana jan layi da biro a bayan kwalin magani. "Daga bakin asibiti ki hau bas mai lamba sha huɗu. Kar ki zauna a baya, ƙugunki zai gaya miki."

Ɗalibar ta riƙe. Wata biyar ke nan da zuwanta birnin karatu, ta kama ɗakin da ke jikin nasa, kuma in ba shi ba babu wanda ya san muryarta. Shi kuwa shekara talatin ya yi yana jan bas, har ƙafafu suka ƙi, duniyarsa ta koma gado da taga ɗaya. Duk Asabar sai ya zana mata hanyar wani wuri da ba a biyan kuɗin shiga: bakin gada, lambun shaƙatawa, layin masu tsofaffin littattafai. Ta tafi da burodi da gorar ruwa a jaka, ta dawo da yamma ta ba shi labari.

Abin da ba ta taɓa gaya masa ba shi ne an daɗe da soke lambobin nan nasa. Ranar farko da ta tambayi sha huɗu, dariya wani kwandasta ya yi mata: "Ke daga wane zamani kika fito?" Tun daga nan da ƙafa take bin zanen, ta dawo ta ce masa bas ya cika maƙil.

"Wannan karon tsohuwar tasha za ki," ya ce, numfashinsa na sarƙewa. "Akwai agogo a saman ƙofa. Kullum minti biyar yake a baya, da shi muke kare kanmu in mun makara. Dubo mini ko sun gyara shi."

"Baba, jarrabawa fa nake yi."

"To, sarkin karatu. In kin gama. Ai ba inda zai je."

Asabar biyu suka wuce. Tana jin tarinsa ta bango, sai ta ƙara duƙufa kan littafi. A ta ukun ta fita da sassafe, awa biyu tana tafiya, takalmi ya cinye mata dunduniya. Tashar ta koma kasuwar kayan gini, amma agogon na nan, gilashinsa a tsage. Ta duba wayarta, ta ɗaga kai. Minti biyar cif. Ta ƙyalƙyale da dariya ita kaɗai har mai tura baro ya waiga. Yau dai gaskiya za ta kai masa.

Da dawowa bas ta hau, don ta yi sauri.

Takalma ta tarar birjik a ƙofarsa, waɗanda ba ta taɓa gani ba. A ciki wata mata mai kama da shi tana naɗe zanin gado.

"Wa kike nema?"

"Ni ce maƙwabciyarsa, ta ɗakin nan na kusa."

"Ayyo. Baba ya cika ɗazu da hantsi. Ko akwai wani abu nasa a wurinki?"

Ta taɓa kwalin da ke cikin jakarta.

"Babu," ta ce. "Allah ya jiƙansa."

Wani ya kira matar, ta juya. Ɗalibar ta tsallake takalman ɗaya bayan ɗaya don kar ta taka na kowa, ta shige ɗakinta, ta mayar da ƙofa a hankali. Ba wanda ya waiga. Ta zauna a bakin katifa da kwalin a cinya, tana jin ana janye gadonsa daga jikin bango.