Inabin Kan Bishiyar Kaka Petrona

Saura kaɗan in bar labarin nan a cikina, don ƙawata Casilda ba ta son a ambaci sunanta. Daga baya ta ce in rubuta, muddin ban faɗi kukan da ta yi ba. To, ban faɗa ba.

A gonarsu da ke saman kwarin Cinti, inabi iri biyu ne. Akwai sabo, wanda kawunta Teófilo ya jera a kan waya. Akwai kuma tsohuwar kuringa guda da ta nannaɗe wata bishiya mai ƙanshin masoro da ake kira molle tun zamanin kakanni, ba a cin 'ya'yanta sai an hau tsani. Casilda ce mai hawa. A ƙasa ba ta iya haɗa ido da mutum, amma a can sama har waƙa take yi.

Bana Kawu Teófilo ya wasa gatari.

"Bishiyar nan ta tare mini layi uku," in ji shi. "Kwando huɗu kacal take bayarwa."

Kaka Petrona, mahaifiyarsa, ta ce, "Kai ma kwando nawa kake bayarwa? Ban sare ka ba."

Aka yi dariya, amma bai ajiye gatarin ba. Sai Kaka ta kawo shawara: ranar haɗa jar giyar bana, a ba shi kofi biyu, ɗaya zallar inabin waya, ɗaya da ɗan surkin na bishiya. Ya zaɓi wanda ya fi daɗi. In ya zaɓi zalla, ya sare abinsa.

Casilda aka sa ta zuba. Tana tsaye ita kaɗai tsakanin randuna, zuciyarta ta ce ta surka duka biyun, wa zai sani? Har ta ɗaga ludayi, sai ta mayar. Ta fito da kofunan.

Kawu ya ɗiga wa ƙasa rabonta bisa al'adar garin, ya kurɓi na farko. "Madalla. Wannan ta san inda ta dosa."

Wannan kofin kuwa na zallar ne.

Ya kai na biyu hanci. Ya daɗe bai sha ba.

"Sha mana, sarkin waya," in ji Kaka. "Ko addu'a kake mata?"

Ya sha, ya sake sha, har ya ga gindin kofi. "Wannan," ya ce.

Kaka ta tafa. "Ka faɗa rami! Ta bishiya ce!"

"Haba Inna, ni za a gaya wa? Tun daga bakin ƙofa na ji ƙanshin masoron nan. Haka hular Baba take ƙanshi in ya sauko daga bishiyar."

"To me ya kai ka wasa gatari, ja'iri?"

Ya sosa ƙeya, ya nuna Casilda da haɓa. "Tsanin nan ya girme ni. Matakala biyu sun ruɓe. Ranar girbi na ga ƙafar yarinyar nan ta zame, tana lilo da hannu ɗaya, ta sauko ba ta ce wa kowa uffan ba. Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba."

Casilda ta sunkuyar da kai. Ashe an gani.

"Wato saboda tsani za ka kashe kuringar shekara ɗari?" in ji Kaka. "In takalminka ya tsinke, ƙafar za ka yanke?"

Maƙwabtan da suka zo taya haɗi suka fashe da dariya. Sai ga muryar Casilda, ƙarama, ta ratsa su: "Kawu, ara mini gatarin."

Kowa ya waiwayo, don rabon da a ji ta yi magana cikin taro an manta. Kawu ya miƙa mata.

"A dawo mini da shi da kaifinsa, 'yar tsuntsuwa."

A ranar aka surka randunan duka, ludayi ɗaya na bishiya a kan tara na waya.

Washegari da sassafe, sanyin dutse na cizon kunne, Casilda ta saɓa gatarin ta gangara bakin rafi. Ta saro sanduna goma sha biyu masu kauri, ta zauna gindin molle tana fere wa tsani sababbin matakala.